Kafin a raɗa wa tensa suna, a fara ganin fuskarta

Kwanakin baya wata ɗaliba mai nazarin Hausa ta kawo mini takarda ɗauke da kalmomin kimiyya, an ba ta aikin nemo musu takwarori a Hausa. Ta zo wurina ne don ta ji cewa lissafi da fizik nake koyarwa. Ina duba takardar sai idona ya faɗa kan kalmar da ke nufin jan da ƙasa ke yi wa duk abin da aka saki. A gabanta ɗalibar ta rubuta: maganaɗisun ƙasa. Na tambaye ta ko maganaɗisu yana jan mangwaro. Ta yi dariya, ta ce: "A'a, Malam, ƙarfe yake ja." Na ce to me ke faɗo da mangwaro daga bishiya? Ta yi shiru, can ta ce haka dai ta saba ji a rediyo.

Gaskiyarta. Ni ma na sha jin haka, kuma kalmar ta zauna a kunnen mutane. Amma kuskure ce, kuma kuskure mai tsada, domin duniya tana da maganaɗisu na gaske, wanda ke juya allurar nan mai nuna arewa, kuma ba shi ne ke faɗo da mangwaro ba. Yaron da aka koya wa suna ɗaya ga abubuwa biyu zai sha wuya ranar da aka ce ya bambanta su. Wanda ya fara raɗa wannan suna ya san Hausa, abin da yake raɗa wa sunan ne bai duba da kyau ba.

A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Ko ba jima ko ba daɗe, ku ɗaliban Hausa za a ɗora wa aikin rubuta littattafan makaranta da ƙamusoshin fannoni. Ra'ayina shi ne Hausa za ta iya ɗaukar kowane ilimi, har mafi tsauri, bisa sharaɗi guda: mai ƙirƙirar kalma ya fara zama ya yi aikin da kalmar ke yi. Don kada a ce na zaɓi mai sauƙi, zan kafa hujja da darasin da ɗaliban fizik da kansu ke tsoro, wato lissafin tensa da jimlolin daidaito na Einstein a gamammiyar ƙa'idar dangantaka.

Boko da ajami

Mai nazarin Hausa ya fi kowa kusa da fahimtar tensa, ko da bai sani ba. Ku ɗauki kalmar "ruwa". A boko haruffa huɗu ne daga hagu zuwa dama. A ajami wasu haruffa ne dabam, daga dama zuwa hagu, da wasulla a sama. Rubutu biyu ne, amma mai ƙishirwa abu guda za a miƙo masa. Akwai kuma ƙa'ida tabbatacciya ta juya wannan rubutu zuwa wancan, wadda duk wanda ya san ta ba zai ɓata ba.

Haka abin yake a lissafi. A ce mutum ya yi tafiyar kilomita 3 gabas, ya ƙara 4 arewa. Tsakanin inda ya tashi da inda ya tsaya kilomita 5 ne. Mai awo na farko zai rubuta tafiyar da lambobi biyu, 3 da 4. Wani mai awon kuma, da ya juya layukan awonsa har ɗayansu ya kwanta a kan kibiyar da ta haɗa mafari da matsaya, zai rubuta 5 da 0. Lambobi sun sauya, kibiyar tana nan yadda take. Tsarin layukan da kowannensu ya zaɓa shi nake kira tsarin lambobin matsayi, shi ne boko ko ajamin lissafi. Lambobin da suka fito su ne gaɓoɓi. Tensa ita ce abin da ke bayan gaɓoɓin, tare da ƙa'idar da ke faɗin yadda za su sauya idan aka sauya tsari. Kibiya tensa ce mai manuni ɗaya. Akwai masu manunai biyu, akwai masu huɗu, kuma yawan gaɓoɓi yana ƙaruwa da yawan manunai.

Amfaninta babba shi ne wannan: idan duk gaɓoɓin tensa sifiri ne a tsari ɗaya, to sifiri ne a kowane tsari. Saboda haka dokar halitta da aka rubuta da tensa ba ta dogara da inda mai awo ya tsaya ko yadda ya ja layukansa ba. Abin da Einstein ke nema ke nan.

Manunan ma suna da nahawunsu. Ƙananan haruffa ne da ake rataya wa babban harafi a sama ko a ƙasa. Manunin da ya fito sau ɗaya a hagun alamar daidaito dole ya fito a damanta, a matsayi iri ɗaya. Ɗalibin da ya saɓa wannan ya yi daidai da wanda ya ce "yarinya ya tafi", tun kafin a duba ma'ana an san jimlar ta karye. Manunin da ya fito sau biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, umurni ne cewa a tara duk ƙimominsa, kuma Einstein ne ya shigo da wannan taƙaitawa a 1916. Iyakar kamar ke nan. Nahawu ba zai yi wa kowa lissafi ba, amma wanda ya horu da lura da jituwar jinsi da adadi ya riga ya sami idon da ake bukata.

Tabarma da ƙwarya

Tensar da komai ya rataya a kanta ita ce tensar ma'auni, wadda ake rubutawa da harafin g mai manunai biyu. Aikinta juya bambancin lambobi zuwa nisa na gaske. Ku duba taswirar duniya. Idan mutum ya matsa digiri ɗaya gabas a kan layin da ya raba duniya biyu, ya yi kimanin kilomita 111. A Yamai digirin nan bai wuce kilomita 108 ba, a Agadas kimanin 106, a digiri 60 arewa kuwa rabi ne kawai, wajen 56. Lamba ɗaya ce, digiri ɗaya, amma nisa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Tensar ma'auni ce ke riƙe da wannan labari. A sarari-da-lokaci, inda ake da fuskoki uku na wuri da ɗaya na lokaci, gaɓoɓinta 16 ne, amma da yake shida maimaici ne, 10 ne masu zaman kansu.

A nan ne kalmar Hausa ta farko ke bukatar hattara. Muna cewa sarari-da-lokaci yana da lanƙwasa. To amma lanƙwasa iri biyu ce, kuma harshenmu na yau da kullum bai raba su ba. Tabarma idan aka naɗe ta ta lanƙwashe, amma ana warware ta ta kwanta shimfiɗe, ba ta yage ba, ba ta tattare ba. Tururuwar da ke tafiya a kanta, in tana awon nisa da kusurwa, ba za ta taɓa gane an naɗe ta ba. Ƙwarya kuwa ba mai shimfiɗa ta sai ya fasa ta. Tururuwar da ke bayan ƙwarya za ta iya gano lanƙwasar da awo kawai, ba tare da ta bar ƙwaryar ba. Gauss ne ya tabbatar da wannan a 1827. Ta tabarma ita nake kira lanƙwasar waje, ta ƙwarya kuma lanƙwasar ciki, kuma ta biyun kaɗai Einstein ke nufi.

Ga yadda ake gano ta. A ce mutum ya tsaya a ƙololuwar arewa ta duniya riƙe da mashi yana nuna gabansa. Ya gangaro kudu ta layin Girinic, wanda ya ratsa Gao a Mali da Tema a Gana, har ya isa layin tsakiyar duniya. Ya bi layin nan gabas rubu'in zagayen duniya, mashi yana nan yana nuna kudu, bai murɗa shi ba. Sannan ya koma arewa da baya-baya har ƙololuwa. Zai tarar mashin ya juya da digiri 90 daga yadda ya tashi da shi, alhali ko sau ɗaya bai juya shi ba. Kusurwoyi uku na hanyar da ya bi kuma jimlarsu digiri 270 ne, ba 180 da aka koya mana a firamare ba. Tensar Riemann ita ce ke auna irin wannan juyawa a kowane ɗigo da kowace fuska. Manunanta huɗu ne, gaɓoɓinta 256, amma idan aka cire maimaici saura 20.

Wannan ilimi ba a harshe ɗaya aka gina shi ba. Riemann ya gabatar da tushensa da Jamusanci a Gottingen a 1854. Ricci da ɗalibinsa Levi-Civita, dukansu ƴan Italiya, sun tsara lissafin tensa a wata doguwar maƙala da suka rubuta da Faransanci, aka buga ta a mujallar Jamus a 1900. Einstein kansa bai san wannan lissafi ba sai da ya koma Zurik a 1912, abokinsa Marcel Grossmann ya nuna masa hanya. Duk da haka jimlolin da suka fitar tare a 1913 ba su yi daidai ba. Sai ranar 25 ga Nuwamban 1915 Einstein ya gabatar da ingantattun a gaban Majalisar Kimiyya ta Furusiya a Barlin. Wanda ya sha wuya a wannan darasi ya tuna cewa mai shi ma shekara uku ya yi yana fama.

Jimlar da warwararta

Ga jimlar, in aka ajiye ƙarin da Einstein ya yi mata a 1917 don nazarin sararin samaniya baki ɗaya:

Rμν − ½ R gμν = (8πG/c⁴) Tμν

Ɓangaren hagu lanƙwasa ce. Rμν ita ce tensar Ricci, wadda ake samu ta hanyar taƙaita tensar Riemann, R kuma taƙaitawar ta Ricci ce zuwa lamba guda. Ɓangaren dama shi ne abin da ke cikin wurin: jiki, makamashi, matsi da gudana. G lambar Newton ce ta jan nauyi, c kuma saurin haske. A layi ɗaya aka rubuta ta, amma jimloli 10 ne a dunƙule. A wannan fahimta babu wata igiya da ke jan mangwaro. Jikin duniya ya lanƙwasa sarari-da-lokaci, mangwaron da ya tsinke kuma yana bin hanya mafi miƙewa da ta rage masa. Ashe ko "jan nauyi" da nake amfani da shi sunan zamanin Newton ne. Na riƙe shi ne don ya fi maganaɗisu gaskiya, kuma ya ishi ɗan sakandare.

Me ya sa warware ta ke da wuya? A sauran lissafin fizik ana ba ka fili da ma'auni, a ce ka nemo abin da ke faruwa a ciki. A nan ma'aunin ne abin nema. Kamar a ce ka auna hatsi, alhali tiyar da za ka yi awon da ita ce ba a san girmanta ba, kuma girman nata ya dogara da hatsin da ke cikin buhu. Ƙari a kan haka, ba a haɗa amsoshi biyu a sami ta uku. Wanda ya san lanƙwasar tauraro ɗaya bai isa ya tara biyu ya ce ga ta taurari biyu ba, domin lanƙwasar kanta tana shiga cikin abin da ke haifar da lanƙwasa.

Wanda ya fara samun cikakkiyar amsa shi ne Karl Schwarzschild, masanin taurari, yana bakin daga a rundunar Jamus a yaƙin duniya na farko. Ya aika wa Einstein wasiƙa ranar 22 ga Disamban 1915, aka buga aikin a farkon 1916, ya rasu a watan Mayun shekarar. Zan bi matakan kamar yadda ake koyar da su a yau, da tsarin lambobin da ya fi wanda shi ya yi amfani da shi sauƙi, don ku ga cewa Hausa ba ta gaza a ko ɗaya ba.

Mataki na farko rage nauyin tambaya. A ɗauka tauraron dunƙulalle ne sosai, ba ya juyawa, ba ya sauyawa da lokaci, kuma wajensa ake dubawa inda babu komai. Da yake babu komai, ɓangaren dama sifiri ne, jimlar ta koma Rμν = 0. Da yake ko ta ina aka dubi tauraron kamarsa ɗaya, gaɓoɓi 10 da ba a sani ba sun ragu zuwa biyu, A da B, kowannensu ya dogara da r kaɗai, wato lambar da ke nuna nisa daga tsakiya. A tana tare da lokaci, B tana tare da r.

Mataki na biyu fitar da alamomin Christoffel daga A da B. Su ne ke faɗin yadda layukan awo ke karkata daga wannan ɗigo zuwa na kusa da shi. Guda 40 ne, amma a nan 9 kaɗai ne ba sifiri ba. A lura, ko da yake suna ɗauke da manunai uku, su ba tensa ba ne, domin ana iya zaɓen tsarin da zai mayar da su sifiri a ɗigo ɗaya, kamar tsarin mutumin da ke faɗowa sakaka. Mai ƙamus da ya ga manunai ya kira su tensa ya yi kuskuren da ya yi daidai da na maganaɗisu.

Mataki na uku gina tensar Ricci daga waɗannan tara, a daidaita kowace gaɓa da sifiri. Idan aka haɗa gaɓar lokaci da gaɓar r, sai a ga cewa A sau B ba ya sauyawa ko ina. Da yake can nesa da tauraro sarari shimfiɗaɗɗe ne, inda A da B kowannensu 1 ne, to A sau B daidai yake da 1 a ko'ina, wato B = 1/A. Idan aka zuba wannan a gaɓar kusurwa, sai ta ce saurin sauyin rA bisa r daidai yake da 1. Amsar wannan ɗan ajin farko na jami'a ya san ta: A = 1 + k/r, inda k lamba ce da ba a tantance ba tukuna.

Mataki na huɗu tantance k. A nesa, inda lanƙwasa ba ta da ƙarfi, dole amsar ta koma ta Newton, tun da lissafin Newton yana aiki a can. Wannan ya tilasta k = −2GM/c², inda M ke nufin yawan abin da jikin tauraron ya ƙunsa. Sakamako:

ds² = −(1 − 2GM/rc²) c²dt² + dr²/(1 − 2GM/rc²) + r²(dθ² + sin²θ dφ²)

Ku sake duba matakan nan huɗu. Kalmomin da suka ɗauki nauyin tunanin su ne "a ɗauka", "da yake", "idan", "sai", "dole", "tun da", "wato". Babu baƙuwa a cikinsu. Da su alƙali ke yanke hukunci, da su malamin fiƙihu ke raba gado. Alamomin kuwa na kowa ne, Bajapane da Balarabe da Bafaranshe haka suke rubuta su.

Inda rubutu ya yaudari masana

Wannan amsa tana da wani wuri mai ban tsoro. Idan r ya kai 2GM/c², gaɓar lokaci ta zama sifiri, gaɓar r kuma ta tafi ba iyaka. Ga rana wannan nisa kimanin kilomita 3 ne, ga duniyarmu kimanin milimita 9. Shekaru da yawa manyan masana suna ɗaukar cewa a nan sarari-da-lokaci ya yage. Lemaître ya nuna a 1933 cewa ba haka ba ne, Finkelstein a 1958 da Kruskal a 1960 suka ƙara fayyacewa da wasu tsare-tsaren lambobi. Laifin na tsarin awo ne. Haka taswira ke rikicewa a ƙololuwar arewa, inda duk layukan tsaye suka haɗu, alhali wanda ya je can ƙanƙara zai tarar kamar ta ko'ina a yankin. Hanyar tantancewa ita ce a haɗa tensar Riemann da kanta a fitar da lamba guda wadda ba ta sauyawa da tsari. A wannan amsa lambar ita ce 48G²M²/c⁴r⁶. A r = 2GM/c² tana da iyaka, lafiya lau. A r = 0 ne take tafiya ba iyaka, can ne matsalar gaske take. Wancan wuri na farko shi ne iyakar da haske ba ya dawowa daga bayanta, bakin abin da ake kira baƙin rami.

Na kawo wannan ne don ya nuna cewa rikita rubutu da magana ba cutar ɗalibai kaɗai ba ce. Masu lissafi sun yi shekaru fiye da arba'in kafin su gama rabuwa da ita a wannan wuri guda. Mai ƙirƙirar kalma da bai san labarin ba zai iya kiran iyakar nan "bango" ko "tsaga", ya dasa wa yara kuskuren da aka sha wuya kafin a tumɓuke.

Kuma kada a ce wasan alƙalami ne. Tun 1859 Le Verrier ya lura cewa zagayen Uɗaridu, wadda Turawa ke kira Makyuri, yana gocewa kaɗan daga lissafin Newton. Gocewar sakan 43 ce na kusurwa a shekara ɗari, sakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 3600 na digiri. Einstein ya fitar da wannan lamba daga ƙa'idarsa a Nuwamban 1915. Ƙa'idar ta kuma ce hasken tauraro da ya gifta gefen rana zai karkata da sakan 1.75, aka auna hakan lokacin husufin 29 ga Mayun 1919, a Sobral ta Birazil da tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, nan kusa da mu. A yau agogon da ke cikin taurarin ɗan'adam na GPS, a nisan kimanin kilomita 20,200, yana gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. A ɗan wannan lokaci haske kan yi kilomita 11. Direban da ke ratsa Tenere da na'urar nan a gabansa, ransa yana rataye da gyaran da aka yi bisa wannan lissafi.

Abin da za a ce mini

Na san masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasunsu abokan aikina ne. Na farko za su ce ɓata lokaci ne, tun da duk wanda zai yi zurfi a fizik sai ya karanta Turanci ko Faransanci. Na yarda sai ya karanta. Amma na daɗe ina ganin ɗalibai suna haddace ma'anar tensa da Faransanci tsaf, in ka ce su faɗa maka da bakinsu sai su tsaya cik. Ranar da na kawo tabarma da ƙwarya aji, waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba suka yi tambaya. Harshen waje yana buɗe ƙofar littattafai, amma a harshen gida ne malami ke gane ko an fahimta ko haddacewa aka yi. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, masanin fizik da makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya kare koyarwa da harsunan Afirka a littafinsa kan ilimi a Afirka tun 1964. Ba wanda zai ce rashin iya Faransanci ne ya sa shi faɗin haka.

Na biyu za su ce a ari komai a huta. Na uku za su ce kada a ari ko ɗaya, a ƙirƙiro duka. Duka biyun gudun aiki ne, domin kowannensu yana ba mutum damar cika ƙamus ba tare da ya buɗe littafin lissafi ba. Ma'aunina shi ne: inda Hausa take da hoton da ya dace da abin, a yi amfani da shi, kamar ma'auni, gaɓa, manuni da lanƙwasa. Inda duk kalmar gida za ta jawo hoton ƙarya, a ari baƙuwa a sa mata rigar Hausa. Shi ya sa na bar tensa a tensa, jam'inta tensoci, mace ce kamar yadda ƙarshenta ya nuna. Asalin kalmar daga Latin ne, daga tushen da ke nufin miƙewa ko ɗamewa, domin Woldemar Voigt ya yi amfani da ita a 1898 wajen nazarin matsi da ɗamewar daskararrun abubuwa. Wanda ya bi asali ya fassara ta da "ɗamau" zai sa ɗalibi neman igiya a inda babu ita. Harshen da ya karɓi "lissafi" da "sifiri" daga Larabci, ya mayar da su nasa, ba zai ji kunyar tensa ba.

Ja na huɗu shi ne mafi ƙarfi: ba adalci ba ne a ce ɗalibin Hausa sai ya koyi lissafin Riemann kafin ya rubuta ƙamus. Gaskiya ne, kuma ban ce ya zama masanin fizik ba. Abin da nake nema ya zauna da mai fannin, ya sa shi ya yi aikin a gabansa, ya yi ta tambaya har ya iya maimaita matakan da bakinsa. Mai fizik shi kaɗai zai kawo kalmomi masu gaskiya amma masu nauyi a harshe, waɗanda ba mai furta su sau biyu. Kalmomin da na kawo a nan ma ban ce sun gama nuna ba. "Jimlar daidaito" ta yi tsawo, "sarari-da-lokaci" tana wahalar ɗaukar ɗafi, kuma har yanzu "nauyi" tana ɗauke da ma'ana biyu da fizik ya raba, wato abin da jiki ya ƙunsa da abin da sikeli ke nunawa. Wannan gyara naku ne, kun fi ni kunnensa.

Ga aikin da nake ba duk mai son gwadawa. Ku nemi ɗalibin lissafi ko fizik na shekara ta uku. Ku ɗauki ƙwallo mai faɗin da kuka ga dama, ku sa shi ya rubuta tensar ma'aunin bayanta, ya fitar da alamomin Christoffel, waɗanda biyu ne kawai masu zaman kansu da ba sifiri ba, ya kai ga lanƙwasarta. Aikin bai wuce shafi ɗaya ba. Ku kuma ku rubuta kowane mataki da Hausa, ba tare da kalmar Faransanci ko Turanci ko ɗaya ba sai wadda kuka yanke shawarar ara da gangan. Duk inda alƙalaminku ya tsaya, ku sa alama, ku tambayi kanku ko kalma ce babu, ko kuwa abin ne ba ku gane ba tukuna. Ɗalibar nan tawa ta yi wannan aiki da wata ƙawarta. Da ta dawo da takardarta ta soke maganaɗisu, ta kuma bar gurabe huɗu ba ta cike ba, ta ce sai ta ƙara zama da mai fannin.